Ramin da Biskit Ya Faɗa

A takardar aikinsa direba aka rubuta, kuma direba ya gaya wa mutanen gida a Funtuwa. Amma duk wanda ya bi ta gefen lambun gwamnati na unguwar Nu'aija a birnin Doha da yamma, abin da zai gani shi ne Uwais, ƙato da gemunsa, jikan limamin unguwarsu a Funtuwa, yana tafe a bayan wani ɗan farin kare da bai fi butar alwala ba. Sunan karen Biskit. Uwais bai taɓa furta sunan nan da bakinsa ba. In ya zama dole ya yi zancensa, "wannan abin" yake cewa.

Karen na uwar ɗakinsa ne, Nafeesa, matar wani injiniya da ke aiki a ɗaya daga cikin dogayen benayen West Bay. Bakanuwa ce gaba da baya, amma 'yan shekarun da ta yi a Ingila sun sa idan aka ce mata Hajiya sai ta ɓata fuska kamar an zage ta. Madam take so. Biskit yana da likitansa, yana da sabulunsa, yana da ɗan gadonsa a ɗakin da na'urar sanyi ba ta mutuwa, abincinsa kuma daga gwangwani yake fitowa da hoton wani karen a jiki yana murmushi. Uwais ya raina duk wannan, ya raina mai karen, amma bai raina ikonta ba. Yana gidan aka kori wata mai aiki 'yar Filifin saboda ta jefa wa Biskit ƙashin kaza. Da safe ta yi laifin, kafin sati ya zagayo shi da kansa ya kai ta filin jirgi tana kuka a kujerar baya. Mijin Madam ne kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, sunansa ne a jikin katin zaman Uwais, shi kuwa mijin abin da Madam ta ce shi yake sa wa hannu. Kafin wannan aikin Uwais ya yi shekara biyu yana gadi a ƙofar wani otal, a tsaye awa goma sha biyu, har jijiyoyin ƙafarsa suka kumbura. Ba ya son komawa can, kuma ba ya son komawa Funtuwa hannu rabbana matarsa Ikilima tana da tsohon ciki.

Don haka yake fita da karen, amma a kan sharaɗinsa. Igiyar da Madam ta saya gajera ce, sai ya ƙara mata igiyar shanya mai tsawon gaba uku, don kada hancin abin ya kusanci wandonsa. Hannun da yake riƙe igiyar ma leda yake saka masa. Yawun kare a tufar salla, a wurin Uwais, ya fi mari ciwo.

Matsalar ita ce magariba. Madam ta yanke cewa sai rana ta yi sanyi za a fita da Biskit, saboda ƙasa tana ƙona masa tafin ƙafa, kuma kullum kiran salla a tsakiyar yawon yake samunsu. Magariba ba ta jira. Masallaci yana nan kusa, amma wa zai doshi ƙofar masallaci da kare? Haka ya saba da Dramani.

Dramani ma'aikacin kamfanin da ke kula da lambun ne, shi ke ba ciyawa ruwa, shi ke aske furanni. Ɗan Zangon Kumasi ne, gajere, mai yawan dariya, kullum cikin koren yunifom da ya sha laka. Yana da ɗan ɗakin injin ruwa a ƙarshen lambun, a bayansa yake ajiye kwalaye biyu da ya buɗe suka zama abin salla. Ran farko da suka tsaya salla tare, ba a yi shawara ba Uwais ya wuce gaba. A ganinsa mutumin da ke kiran mace "shi", ya ce "Madam ya zo", ba shi da ta cewa a kan limanci. Dramani bai damu ba. Yakan tsaya a bayansa, kuma idan Uwais ya kai ƙarshen Fatiha, sai ya ja wani "amin" mai kauri daga ƙirji, wanda Uwais yake jin daɗinsa ko da yake bai taɓa faɗa ba.

"Malam, wannan leda na hannunka fa?" Dramani ya taɓa tambayarsa yana dariya. "Malaminmu a Kumasi ya ce kare mai rai ba shi ɓata kaya."

"Malaminku na Kumasi," in ji Uwais, ya ja tsaki. A ganinsa ya gama ba da amsa.

Idan za su yi salla, a ƙafar wani benci yake ɗaure karen, inda zai iya hango shi. Madam ba ta san da wannan ba. Ta gaya masa tun ranar farko, da Hausa sannan da Turanci don ya shiga sosai, cewa igiyar nan ba ta barin hannunsa ko da sama za ta faɗo.

Ranar da abin ya faru, Laraba ce a cikin Janairu, wasu matan Larabawa sun mamaye bencin da filas ɗinsu da 'ya'yansu. Bututun ruwa kuma ya fashe tun da rana, Dramani ya ɗage murfin ƙarfe na ramin da bututan ke haɗuwa, ya yanke wanda ya lalace, yana jiran a kawo sabo. Ramin ya kai ƙugu, da laka a ƙasa da bakin bututu mai kaifi. Ya kewaye shi da sanduna huɗu masu gindin roba, ya zagaya musu jan kirtani da fari, kamar yadda dokar aikinsa ta ce. Uwais ya duba hagu ya duba dama, ladan ya kusa gamawa, bai ga abin ɗauri kusa ba sai sandunan nan. Ya ƙulla igiyar a jikin ɗaya, ya cire ledar hannunsa, ya yi alwala a bakin tiyo.

Suna raka'a ta biyu wata kyanwa ta gifta. Lambunan Doha cike suke da su, ramammu, marasa tsoro. Biskit, wanda bai taɓa kama ko ƙuda ba a rayuwarsa, ya ga ranar jarumtarsa ta zo. Ya zabura, sandar ta bi shi, sauran ukun suka zube da kirtanin, igiyar ta ja shi baya, sai ga shi a cikin ramin. Kukan da ya fasa ya sa matan benci suka miƙe.

Uwais bai yanke salla ba. Ya dai gaggauta, amma ya kai ta ƙarshe. Yana sallamewa Dramani ya tashi a guje, ya dira cikin lakar, ya fito rungume da karen. Ƙafar karen ta baya ta karye tana lilo, bututun kuma ya tsaga masa cinya, jini yana bin koren yunifom har gwiwa.

"Malam, karɓe shi, ya ji ciwo sosai."

Uwais ya ja da baya taku biyu, hannayensa a bayansa. Ko a wannan hali abin da ya fara zuwa masa shi ne farar jallabiyarsa.

"Riƙe shi dai, mu je mota," ya ce. "Yalla, yi gaba, ina zuwa."

Dramani ya yi gaba. Uwais ya durƙusa ya kwance igiyar shanyar daga sandar, ya cusa ta a aljihu. Ya janye sandunan da suka zube gefe guda, wai don kada wani ya yi tuntuɓe, haka ya gaya wa kansa. Sannan ya fito da waya ya ɗauki hoton ramin, baki buɗe, da jini a bakinsa. Ya san sarai abin da bai bari ya shiga hoton ba.

Asibitin dabbobin ya fi asibitin da aka haifi Uwais tsabta. Madam ta iso mayafi a hannu, ido ya yi ja, tana kiran "bebina". Ta wuce Dramani da ke tsaye jina-jina a bakin ƙofa kamar ta wuce kwandon shara. Sai da likita ya shige da karen ta juyo.

"Uwais, me ya faru?"

"Rami ne, Madam, a buɗe a tsakiyar lambu." Ya miƙa mata wayar.

Ta ƙura wa hoton ido. "Kana riƙe da shi?"

"Ina riƙe da shi, Madam. Fizgewa ya yi."

"Wannan kuma wane ne?"

"Ma'aikacin wurin ne."

Ta yi wa Dramani kallo ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ta ce da Turanci za su gane kurensu. Dramani bai ji abin da aka ce ba sosai, ya yi mata murmushi ya ce, "Allah ba shi lafiya, Madam." A motar haya ya koma, da jinin a jikinsa, don ba wanda ya tuna da shi.

Washegari Madam ta tashi da aikin da ya fi ƙarfin zaman banza. Lambun na baladiyya ne, wato hukumar gari, saboda haka baladiyya ce za ta amsa laifin karya wa Biskit ƙafa. Ta ce a Ingila da tuni an rubuto mata takardar ban haƙuri. Ba kuɗin magani ne ya dame ta ba, ta faɗa sau uku a mota ko da yake ba wanda ya tambaye ta, so take wani ya amsa cewa shi ya yi. Uwais yana tuƙi yana dariyar mugunta a cikinsa. Garin da mutane ke aiki a rana har su faɗi, yau za a zauna shari'ar ƙafar kare.

Jami'in da ya karɓe su a ofishin wani dattijo ne mai tasbaha, wanda fuskarsa ta nuna shi ma ra'ayinsu ɗaya da Uwais a kan karnuka, amma ya saurara har ƙarshe. Ya yi bayani a hankali, Madam tana fassara wa Uwais abin da ta ga dama. Filin na hukuma ne, gaskiya ne. Amma kula da shi an ba wani kamfani, kuma yarjejeniyarsu ta ce duk ramin da aka buɗe sai an kewaye shi. Idan an kewaye, kuma mai kare ya saki karensa, to babu mai laifi sai mai karen. Idan ba a kewaye ba, kamfanin ne zai amsa. Za a tambayi kamfanin, sannan wanda ke riƙe da igiyar zai dawo ranar Lahadi ya sa hannu a kan abin da ya gani.

Uwais ya fito da sauƙi a ransa. Kamfani ai ba mutum ba ne. Gini ne da motoci da wani mai ƙaton ciki a ofis, wanda ba zai ko ji a jikinsa ba.

Ranar Asabar Madam ta aike shi kantin da ke daura da lambun, sai ga Dramani ya tsallako titi yana ɗaga masa hannu. Babu dariyar nan a fuskarsa.

"Malam, ina neman ka. Yaya karen?"

"An ɗaure ƙafar."

"Alhamdulillahi." Ya goge hannu a wando. "Mudir, oga namu, ya kira ni ofis. Ya ce Madam ya kai ƙara, baladiyya sun aiko takarda. Na gaya ma shi na sa sanda, na sa kirtani. Ya nuna mani hoto, ya ce ina sandan? Malam, kai ka gani da idonka."

Uwais ya dubi ledar kayan da ke hannunsa.

"Zancen igiya ban faɗa ba," in ji Dramani, ya rage murya. "Na san Madam, zai kore ka. Ya tambaye ni ina nake lokacin, na ce ina salla kawai, khalas. Ban ce da wa ba. Kai dai ka gaya masu akwai sanda. Shi ke nan abin da nake roƙo. In ba haka ba, sun ce kwantiragi na ya ƙare. Yara uku ke makaranta a gida, Malam."

Abin da ya fi ba Uwais haushi shi ne mutumin ya rufa masa asiri ba tare da an roƙe shi ba. Wa ya sa shi? Yanzu ga shi ya ɗora masa nauyi a tsakiyar titi. Kuma lissafin ai a fili yake. In ya ce akwai sanduna, Madam za ta tambayi yadda kare da ke hannun mutum ya tsallake kirtani ya faɗa rami, kuma me ya sa hoton bai nuna su ba. Madam tana da wauta iri-iri, amma ba irin wannan ba. Tambaya biyu za ta yi ta iso ga igiyar shanya.

"In sha Allahu," ya ce.

Dramani ya daɗe a Doha, ya san irin wannan in sha Allahun, wanda ake faɗa ido yana kallon wani wuri. Duk da haka ya kama hannun Uwais da hannu biyu ya yi godiya.

Ranar Lahadi aka ajiye masa takarda, Larabci a dama, Turanci a hagu. Madam ta karanta masa: yana riƙe da igiya, ramin a buɗe yake, babu wata alama a kewaye da shi. Dattijon ya dube shi ta saman tabarau ya tambaya ko haka ne. Uwais ya tuna Ikilima, ya tuna ƙofar otal da ƙafafunsa, ya tuna 'yar Filifin a kujerar baya. Ya kuma gaya wa kansa cewa Dramani mutum ne mai jama'a, 'yan Zango ba sa barin nasu, wani aikin zai samu. Ya ce haka ne. Da hannun da yake saka wa leda don kada ya ƙazantu ya ɗauki biron ya sa hannu.

Bayan kwana goma takarda ta zo gida. Kamfanin ya amsa laifi, ya ba da haƙuri, ya ɗauki nauyin jinyar, ya kuma tabbatar cewa ya ɗauki mataki a kan ma'aikacin da ya yi sakaci. Madam ta ɗauki hoton takardar ta tura wa ƙawayenta. Ta ce wa Uwais ya kyauta, ta ba shi wata tsohuwar rigar sanyin maigidan.

Likita ya ce Biskit yana bukatar iska amma kada ya taka ƙasa, sai Madam ta sayo masa keken turawa irin na jarirai, da rumfa da ɗan bargo. Haka Uwais ya koma lambun, gemu da jallabiya, yana tura kare a keken jarirai, masu motsa jiki suna ɗaukarsa hoto a ɓoye. An mayar da murfin ramin, ciyawa har ta fara rufe gefensa. Ya yi niyyar ya zagaya ta nesa ya fita kafin magariba, amma sai ya hango ƙofar ɗakin injin a buɗe.

Dramani ne, cikin riga da wando na gida, yana zuba tarkacensa a buhu: kofin shayi, tsofaffin takalman roba, wata 'yar rediyo. Ya ɗago ya ga Uwais, ya ga keken.

"Malam, sannu. Ya samu sauƙi?"

"Da sauƙi."

"Na zo ba da makulli ne. Alhamis jirgi na."

Uwais ya shirya jin zagi, har ya tanadi amsa. Zai ce masa kowa ta kansa yake yi a ƙasar nan, zai ce masa shi ma yana da iyali. Dramani bai ba shi damar faɗar ko ɗaya ba. Ya durƙusa gaban keken ya shafa kan karen, karen ya lashe masa yatsu, ya ce, "Kai, sarkin gudu, ka daina bin kyanwa." Daga nan ladan ya ɗaga murya.

Suka yi alwala a bakin tiyo ɗaya. Uwais ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Ashe mutumin bai riƙe shi ba. Dama irinsu haka suke, abu ba ya daɗewa a ransu, ya faɗa wa kansa, har da ɗan rainin nan nasa da ya saba. Ya ja keken ya ajiye a inda zai gan shi, ya take birkin. Kwalayen biyu suna jingine a bayan ɗakin. Ya ɗauki nasa ya shimfiɗa a gaba kamar kullum, ya gyara tsayuwa, ya yi iƙama, ya kabbarta.

Ya karanta Fatiha da muryarsa mai daɗi, wadda ya gada daga kakansa, yana jan kowane harafi inda ya dace. Da ya kai ƙarshe sai ya ɗan dakata, kamar yadda ya saba, don amin ɗin nan mai kauri ya zo daga bayansa.

Bai zo ba. Ta gefen idonsa, can wajen taku goma a damansa, ya hango Dramani ya shimfiɗa kwalinsa a kan ciyawa, ya fuskanci alƙibla, yana sallarsa shi kaɗai. Kunya ta rufe Uwais tun daga wuya har tafin ƙafa, surar da ya yi niyyar karantawa ta ɓace masa ɗungurungum. Yana tsaye a gaba, limamin da ba kowa a bayansa, sai Biskit a cikin kekensa yana ɗan kuka yana neman a kula shi.